Babban Kifi Na Babban Mutum Ne

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a wani ƙauye na bakin kogin Kahayan. Ba zan ambaci sunansa ba, domin 'ya'yansa suna raye, kuma suna da lauya.

Mutumin nan yana da injina goma sha biyu a kan ruwa, suna zuƙo yashin ƙasan kogi. Ma'aikatansa sukan cuɗa yashin da zaiba don ta kama zinariya, sauran gurɓataccen ruwan kuma su mayar da shi inda suka ɗebo, kasancewarsu mutane masu riƙon amana. Ya je Hajji sau uku. Shi ya shimfiɗa wa masallaci tayil. Kowa Pak Haji yake ce masa.

Wata shekara wata ma'aikaciyar lafiya ta yanki gashin kan mutanen ƙauye ta kai awo. Da ta dawo, ta shaida wa jama'a cewa zaiba ta shiga kifi. Ƙaramin kifi kaɗan yake ɗauka, amma babba yana haɗiye ƙanana dubu ya tara rabonsu duka. Ta ce a guji tapah, ƙaton kifin nan mai cin 'yan uwansa, musamman mata masu juna biyu su kiyaye.

Bayan sallar Juma'a Pak Haji ya miƙe ya ce hassada ce. Ya yi rantsuwa cewa duk tapah da aka kawo masa zai ci a idon jama'a. Abin da ya manta bai faɗa ba shi ne, wata biyu kafin nan ya kwashe iyalinsa zuwa Banjarmasin, inda ake cin kifin teku.

A ƙauyen akwai wata tsohuwa mai kamun kifi, ana kiranta Acil Masniah, wato goggon kowa. Jikarta 'yar shekara uku ba ta iya zama, hannunta ba ya riƙe komai. Autarta kuma tana da ciki. Abu ɗaya tsohuwar take nema: injinan su tsaya. Ba ta da kotu, ba ta da kowa a gwamnati. Al'ada kawai take da ita.

Kun san al'adarmu. Kifi mafi girma na mutum mafi girma ne. Kuma wanda aka miƙa wa abinci ba ya kau da kai. In ba zai ci ba, ya taɓa da yatsa ya yi godiya, don kada tsautsayi ya bi shi.

Ranar da ta kama tapah mai tsawon mutum, ta gasa shi, ta kai shagon Pak Haji na sayen zinariya lokacin da ya cika da jama'a.

"Pak Haji, ga girmanka," in ji ta. "Malamar asibiti ta ce guba ce. Ni jahila ce, kai ne mai karatu. In guba ce, taɓa da yatsa kawai in kwashe kayana."

Ya dubi kifin, ya dubi mutane. "Acil, tsufa ya fara taɓa ki. Miƙo mini kan."

"Kai da wutsiya duk naka ne. Wa ya isa ya yi takara da kai?"

Ya ci. Sauran masunta suka gani, suka tuna su ma suna girmama shi. Daga ranar, kowane babban kifi ƙofarsa yake zuwa, kuma kowane mai kawowa yana maimaita masa gargaɗin malamar kalma da kalma. Talakawa suka koma cin 'yan ƙananan kifaye, shi kuwa aka bar masa sarauta.

Ya 'yan uwa, wa ya yaudare shi? Yatsa ɗaya ya ishe shi tsira. Amma taɓawa ba tare da ci ba ikirari ne cewa guba ce, ikirari kuwa yana nufin kashe injina. Shekara huɗu yana auna ransa da zinariya, kullum zinariya tana rinjaye.

Leɓensa ya fara mutuwa. Sai ganinsa ya tsuke, kamar mai leƙe ta cikin gora. Hannun da yake auna ƙwayar zinariya ba kuskure ya kasa kai cokali baki. A sahun gaba aka ga yana layi kamar mashayi. Ranar da ya so yin magana a ƙarshe, harshe ya ƙi. Babu wanda ya san ko tuba yake ko zagi. 'Ya'yansa suka ɗauke shi a kwalekwale, suka sayar da injinan ga wani mai tsoron Allah irinsa.

Injinan suna aiki har yau. Ɗan da autar Acil Masniah ta haifa yana tafiya da ƙafarsa; jikar farko tana nan a kwance.

Darasin a fili yake. Wanda ya zuba cuta a ruwan jama'a ya zuba a tulunsa. Kuma girman kai ya fi zaiba nauyi, don shi ke rufe ƙofar tuba alhali tana buɗe.

Sabon mai injinan ya aiko a ce mini in riƙa wa'azi a kan alwala. Ku gaya masa na karɓa. Alwala da ruwa ake yi, kuma a kan ruwa zan ci gaba da magana har ya tsarkaka ko a binne ni.

Allah ya kiyaye mu daga dukiyar da ake ci da lafiyar jarirai, ya ba mu ikon cewa mun yi kuskure tun harshe yana motsi. Amin.