Shawarar da Yaya Ya Bayar Kan Injin

An yi wani mutum mai shagon sassaƙa ƙarfe, ya 'yan uwa, wanda Allah ya rufa wa asiri. Tsofaffin injinansa suna yanka kusoshi da ƙananan kayan gyara. Ciniki ba ya yankewa, gida ana ci ana sha, ya kwanta ya yi barcinsa har da minshari. Kowa a layin Yaya yake ce masa, don shi ya koya wa ƙaninsa sana'ar, har ƙanin ya buɗe nasa shagon a ƙarshen layi.

Wata rana ƙanin ya shigo da fara'arsa. Wani kamfanin famfunan ruwa ya yi masa alkawarin aikin manyan farfela, in ya samu injin irin na zamani, wanda ke sassaƙa ƙarfe ta fuska biyar ba sai an kwance an sake ɗaurewa ba. Guda biyu aka nuna masa. Ɗaya teburinsa ne ke karkata yana juyawa, gwanin ƙananan kaya ne, amma ba ya ɗaukar nauyi. Ɗayan kansa ne ke zagayawa, teburin na tsaye, ko ƙarfen ya kai nauyin saniya zai riƙe.

Ya ce, "Yaya, kai ne idona. Wanne zan ɗauka?"

Yaya ya san amsa tun kafin a rufe baki. Farfelar nan sai babban, mai zagaya kai. Amma sai ya raya a ransa: yaron da na koya wa riƙe guduma ne zai wuce ni? Ya yi gyaran murya ya ce, "Ɗauki mai juya tebur. Ya fi tsafta a aiki."

Ƙanin bai ko sake aunawa ba. Wa ke auna maganar yayansa?

Injin ya iso, farfela ta ƙi zama a tebur, kamfani ya janye. Ƙanin ya ce Allah bai nufa ba, ya ci gaba da harkarsa.

Shi kuwa Yaya ya sayar da tsofaffin injinansa kaf, ya sayo babban, ya bi ta bayan fage ya karɓe aikin kamfanin. Ranar da aka sauke injin, ƙanin har da zuwa taya murna, ya ce, "In kana neman hannu wajen kwamfutar, kira ni."

Ga inda gizo ke saƙa. Injin nan da kwamfuta ake ba shi umarni, kuma duk layin ƙanin ne kaɗai ya iya. Da wane baki Yaya zai kira shi? Kunya ta hana, girman kai ya ƙarasa. Ya danna abin da ya ga dama. Kan injin ya daki tebur da ƙarar da ta firgita maƙwabta, ƙarfen kamfani ya lalace, injin ya tsaya cak. Kamfani ya kwashe kayansa. Tsofaffin abokan ciniki suka zo da ƙananan ayyukansu, ba injin da zai yi, suka gangara ƙarshen layi, inda mai juya tebur ke fitar da su sumul kamar an wanke.

Shagon Yaya ya rufe.

Ƙanin ya zo ya durƙusa a gabansa, idonsa cike da ƙwalla. "Yaya, ashe ka hango injin nan fitina ne, ka kawar da ni, ka tare da ƙirjinka. Me zan saka maka da shi?"

Ya ajiye masa kujera a shagonsa, kusa da taga, da shayi kullum safiya. Duk aikin da ya shigo sai ya juyo ya ce, "Yaya, me ka gani?" Yana nan zaune har yau, ba yunwa ba tsiraici, amma bai taɓa iya ɗaga ido ya dubi ƙaninsa ba.

Ya 'yan uwa, me mutumin nan ya rasa tun farko? Ba komai. Hassada ce ta hana shi ganin abin da ke hannunsa. Wanda ya nemi shawararka amana ya damƙa maka. In ka sani ka faɗa, ko da zai wuce ka, don rabonsa ba daga naka aka yanko ba.

Allah ya wanke zukatanmu, ya ba mu wadatar zuci. Allah ya kiyaye mu.