Benen Da Baba Arlen Ya Ce Ba Ya So

Akwai wani mutum a ƙauyenmu na nan Wisconsin, sunansa Curtis Halvorsen, wanda ba wanda ya taɓa ganin ya shanye kofi a zaune. A tsaye yake sha, makullin mota a ɗaya hannun. Idan yana gaisawa da kai, ƙafa ɗaya tana wurinka, ɗayar ta riga ta kama hanya. Matarsa Janelle takan ce ta auri iska ne, ba mutum ba.

Shekarar da suka sayar da shanun madara, abin ya ƙara ta'azzara. Mahaifiyarsa ta rasu, mahaifinsa Baba Arlen ya gaji da tatsa, sai aka sayar da gonar da tsohon gidan gaba ɗaya. Masu saye suka yarda tsohon ya ci gaba da zama har damina ta tsaya, daga nan ya ba su makulli. Inda zai koma kuwa, ba wanda ya ce komai, shi ma bai ce ba.

Curtis yana da ɗan filinsa ba nisa, inda gidansa yake, sai ya ce babbar rumfar kwano mai bango zai kafa, irin ta ajiyar kayan gona. Aka haƙa ramuka, aka kafa dirkoki, maƙwabta suka zo wata Asabar aka ɗora katakon rufi aka buga jan kwano. A ciki kuma aka yi bene na katako, ya ci rabin tsawon ginin.

Benen nan kusan duk aikin Baba Arlen ne. Ya haura saba'in, amma hawa tsani bai dame shi ba. Kullum da safe zai zo da tsohuwar motarsa, ya hau sama, ba a ganinsa sai lokacin abinci. Ya toshe bango da kyau don sanyi. Ya ja bututun ruwa zuwa kusurwa ɗaya. Ya kafa ƙusoshin rataye riga a bayan ƙofa.

Kowa a ƙauyen ya san abin da ƙusoshin nan suke nufi, ban da mai rumfar.

Wata rana suna tsaye a ƙasa, Curtis yana duba waya, sai ya ce, "Baba, in kana so ai sai ka dawo benen nan da zama."

Tsohon ya goge hannu a wando, ya ce, "A'a, haba. Kada ku wahalar da kanku. Akwai ɗakunan tsofaffi a cikin gari, an ce da ɗumi."

"To shi ke nan," in ji Curtis, ya koma kan wayarsa.

Ku da ba ku zauna da mutanenmu ba, ga yadda abin yake. A nan ba a karɓar tayin farko. Ko ruwa aka miƙa maka sai ka ce ka gode, yanzu ka sha. A sake yi maka tayi, ka ce kada a damu. Sai a na uku ne za ka ce, to, tunda an matsa. Wanda ya karɓa a na farko mayunwaci ne, wanda kuma ya yi tayi sau ɗaya ya tsaya, da ma bai yi niyya ba. Curtis a cikin wannan al'ada aka haife shi, ya san ta kamar yunwar cikinsa. Gaggawa ce kawai ta sa ya ji abin da yake son ji.

Janelle tana jin su. Da tsohon ya tafi ta ce, "Curtis, ka sake tambayarsa."

"Na tambaye shi, ya ce a'a. Babba ne, ba yaro ba. Kuma ni ina da shiri a kan benen nan."

"Kai kullum cikin shiri kake."

"To zama zan yi in zuba wa bango ido?"

Haka Baba Arlen ya kwashe 'yan kayansa ya koma cikin gari. Ta ciki na ciki.

Shirin farko na maharba ne. Curtis ya jera gadaje a sama, ya ce lokacin farautar barewa baƙi za su riƙa kwana. Suka zo kuwa, suka cika wurin da taɓo da munshari. Mako biyu aka rufe farauta, gadaje suka zauna suna kallon juna. Kafin ƙanƙara ta narke ya fitar da su, wai shanya tafarnuwa ya fi riba, ya ga wani a waya yana yi. Ya sayo ta jingim daga wani manomi, ya rataye a jikin katakon rufi, rumfa ta ɗauki wari har kare ya daina shiga.

Tafarnuwa ba ta gama bushewa ba ya ce a'a, wurin biki zai mayar da shi. Ya wanke, ya yi fenti, ya rataya ƙananan fitilu. Biki ɗaya aka yi. Uwar amarya ta hau matakala, ta ja numfashi, ta tambaya ko miya ake dafawa a sama.

Ni dai abin dariya yake ba ni, amma har da takaici. Mutum ya rasa abin da zai sa a ɗaki, alhali mai ɗakin yana can cikin gari yana kallon wurin ajiye motoci.

Yakan buga wa tsohon waya, wannan kam ba za a ƙwace masa ba. Sai dai a mota yake bugawa, tsakanin nan da can.

"Baba, lafiya dai?"

"Lafiya lau. Kada ka damu da ni."

"An ce ka zame a kan ƙanƙara a bakin ƙofa."

"Ɗan targaɗe ne a gwiwa, ba komai. Yaya rumfa?"

"Rumfa tana nan, akwai sabon shiri ma. Sai na kira ka, na iso inda za ni."

Duk da haka hankalin Curtis bai kwanta ba. Zai hau benen ya auna nan, ya auna can, ya sauko, ya sake hawa. Ya fara zancen kiwon zomo, ya bari. Ya fara zancen wurin motsa jiki, ya bari. Janelle ta ce masa, "Duk abin da ka sa a ɗakin nan sai ya tofar da shi. Ba ka tambayi kanka dalili ba?" Ya ce ita ba ta san kasuwanci ba.

Ana nan sai kaka ta sake zagayowa, aka yi cin abincin shekara na coci, inda kowace mace take kawo abin da ta fi gwaninta a kai. Goggo Verna, ƙanwar Baba Arlen, ita kek ɗin tuffa take kawowa, kuma Curtis tun yana yaro ba abin da yake so kamarsa. Tsohon bai zo ba, an ce ƙafa.

Goggo ta zagayo da tire, saura yanka ɗaya. Ta tsaya a gabansa.

"Curtis, ga kek."

Ya shafa ciki kamar yadda aka saba, ya ce, "Kai, Goggo, na ƙoshi. A ba wani."

"To," in ji ta. Ta juya ta ɗora yankan a farantin Lyle, mutumin da ke gefensa, ta yi gaba abinta.

Curtis ya yi sororo da cokali a hannu. Ya bi ta har wurin wanke-wanke, yana 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Goggo, yau kuma lafiya? Kin ba Lyle kek ɗina."

"Ai ka ce ka ƙoshi."

"Haba, ai kin san yadda ake yi. Wa yake karɓa a tayin farko?"

Ta ajiye tiren, ta goge hannu, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ashe ka sani? Na ɗauka ba a koya maka ba. Yanka ɗaya na kek ya taso ka daga kujera har nan. To yayana fa? Sau nawa ka yi masa tayin benen nan?"

Ta ci gaba, ta ce:

"Ka ɗauka don tafarnuwa ya ja ruwa zuwa sama? Mutumin nan ko wuta ce ta kama rigarsa, sai an tambaye shi sau uku kafin ya yarda a zuba masa ruwa. Kai ka haife shi ko shi ya haife ka, da ba ka san halinsa ba? Tafi ka ba ni wuri, ina da kwanuka."

Kunya ta rufe Curtis. Bai koma teburinsa ba, ko rigar sanyinsa bai ɗauka ba. Ya shiga mota ya nufi gari, yana tuƙi yana tuno ranar nan, da yadda tsohon ya goge hannu a wando yana jiran tayi na biyu.

Ya same shi a kujera kusa da taga, talabijin tana yi ba sauti. Ya rame. Ga sanda jingine a gefen kujerar, wadda ba wanda ya gaya wa Curtis labarinta.

"A'a, Curtis! Ina za ka ka biyo ta nan?"

"Ba inda za ni. Wurinka na zo." Ya jawo kujera ya zauna. "Baba, ka dawo gida. Benen nan naka ne."

"Haba, ina nan lafiya. Akwai ɗumi."

"Baba, ka dawo."

"Kuna da harkokinku a wurin. Kada in takura muku."

"Ba wata harka. Ni da Janelle muna son ka dawo, yau ɗin nan. Don Allah."

Tsohon ya dubi hannayensa. Can ya ce, "To, in dai ba zan zame muku nauyi ba."

Da suka iso, Baba Arlen ya ce a fara kai shi rumfa. Ya dogara sandarsa har gindin matakalar da shi ya buga da hannunsa. Ya kama ƙarfen gefe, ya ɗora ƙafa, ya ja jiki. Ya sake ɗora ɗaya. A nan gwiwar ta ce ba ta san zancen ba. Ya tsaya yana haki, sannan ya juyo a hankali ya zauna a kan matakalar.

"Bari in goya ka, Baba."

"Kul. Yau ka goya ni, gobe fa? Da safe da yamma?" Ya yi ɗan murmushi. "Zaman gari ya cinye ƙafar, ɗana. Ba laifin kowa."

Wannan ba laifin kowa ɗin ya fi zagi ciwo. Curtis ya ce za su yanka masa ɗaki a ƙasa, gobe goben nan za a fara, zai kira su Lyle. Tsohon ya ɗaga masa hannu.

"Za a yi. Yanzu dai hau sama, ka tsaya a tagar gabas."

Curtis ya hau. A baya ya shige ta gaban tagar nan ba iyaka, da gadaje, da tafarnuwa, da bokitin fenti, bai taɓa tsayawa ya leƙa ba. Can bayan gonakin masara, ga tsohon gidansu, fari, hayaƙin murhu yana fita ta bututun rufinsa.

Muryar tsohon ta taso daga ƙasa. "Ana ganin gidan?"

"Ana gani, Baba."

"Har da bishiyar da uwarka ta dasa a bakin ƙofa?"

Curtis ya ce, "Har da ita. Ganyenta ya yi ja."

"To madalla," in ji Baba Arlen. "Sai ka riƙa duba min."

Darasi: Ba duk "a'a" ce ƙi ba, kuma ba duk "lafiya lau" ce lafiya ba. Iyayenmu da masu kawaici ba sa roƙo, jira suke a sake tambayarsu. Kada gaggawar neman duniya ta sa ka karɓi amsar da ta fi maka sauƙi. Ka zauna, ka dubi fuskarsu, ka sake tayi tun ƙafarsu tana iya hawa. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, wataƙila akwai wanda tsohonsa yake can yana jiran tayi na biyu.