Kujerar da Dogo Ya Saki

Akwai wani makanike da ake kira Dogo, mutum mai gajen haƙuri. Matarsa kan ce ko ruwan zafi ya ɗora, sai ya yi wa tukunya faɗa.

Wata rana ya je filin jirgi zai tafi bikin kammala karatun 'yarsa, wadda ita ce ta fara shiga jami'a a gidansu. Sai hadari ya taso baƙi ƙirin, iska kamar za ta ɗage rufin ginin. Aka soke jirage da dama. Kamfani ya turo saƙo cewa kowa ya sauya tikitinsa da kansa, a waya ko a na'urorin da ke zauren.

Wuri ya hargitse. Dogo ya kutsa har gaban na'ura, ya yi sa'ar kujera ta ƙarshe a jirgin yamma.

Yana juyowa ya ga wata ma'aikaciyar jinya rungume da ƙaramin akwatin sanyi, tana ta danna waya.

Ya ce, "Baiwar Allah, lafiya?"

Ta ce, "Ɓargo ne a ciki. Wata yarinya ke jiran a yi mata dashensa a asibiti. In ya kai gobe, ya lalace, ga shi ban sami kujera ba."

Dogo ya daɗe yana kallon tikitinsa. Sannan ya ce, "Zan saki tawa, ki ɗauka."

"Baba, kana saki za ta bayyana a wayar kowa. Wani zai riga ni."

Sai Dogo ya hau kan benci. Da muryar nan tasa da ke rinjayar ƙarar inji a gareji, ya faɗa wa jama'a abin da ke cikin akwatin. Ya ce, "Zan saki kujera ɗaya. Don Allah kowa ya ɗauke hannunsa."

Zauren ya yi tsit. Wani ɗan kasuwa da ya wuni yana masifa ya kife wayarsa a cinya. Waɗanda ke gaban na'urori suka ja da baya. Mutane ɗaruruwa, kowa da uzurinsa, ga kujera ta fito fili a kan allo, ba wanda ya miƙa yatsa. Ƙarar ruwa a kan rufi kaɗai ake ji.

Ma'aikaciyar jinyar ta danna na'ura, takardar tikiti ta fito. Ta karɓi lambar wayar Dogo tana hawaye.

Dogo ya koma gefe zai kira 'yarsa ya ba ta haƙuri. Sai wata tsohuwa ta dafa kafaɗarsa.

"Ɗana, ina da kujera a jirgin asuba. Ni jikoki zan je gani, su kuwa ba guduwa za su yi ba. Sake hawa bencin nan."

Zauren ya sake yin shiru, wannan karon ana murmushi. Tsohuwar ta saki kujerarta, Dogo ya ɗauka.

Washegari Dogo ya shiga ɗakin taron da kayan jiya a jikinsa, ana dab da kiran sunan 'yarsa. Suna ɗaukar hoto saƙo ya shigo daga ma'aikaciyar jinyar: an yi dashen, yarinyar tana barci lafiya.

Darasi: Mutane sun fi yadda muke zato alheri, sau da yawa wanda zai fara suke jira. Ka zama kai ne na farkon. Ku tura wa 'yan uwa su karanta.