'Yan Zabbin Safara'u

Ku yi haƙuri da rubutuna, ni ba gwana ba ce. A bayan littafin makaranta nake yi, in na ji motsi sai in rufe, shi ya sa wani wurin ya karkace. Labarin wata mata ne a ƙauyenmu, gefen Bici, sunanta Safara'u.

Safara'u ba muguwa ba ce. Tana da tsafta, tana da zumunci, in maƙwabciya ta haihu ita ce ta farkon zuwa hura wutar ruwan wanka. Aibinta ɗaya ne. In abu ya shiga hannunta fitarsa sai an sha wuya, in kuma ta faɗi magana, ko ta san ba gaskiya ba ce, ba ta iya janyewa.

A lokacin shekara biyu ke nan a jere ruwa yana ɗaukewa gero bai nuna ba. Tun kafin damina ta faɗi rumbun mijinta, Malam Iliyasu, ya kai ƙasa. Shi kansa sai ya tafi Watari ƙwadago a gonakin rani, ya kwana uku ko huɗu, sannan a samu abin dafawa. Kajinta duk an sayar, saura uku da zakara. Su ma sun daina ƙwai, don dusar da ake watsa musu a da, yanzu mutane ne ke dama ta su sha.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, ta zaga bayan ɗaki sai ta ga kaza a gindin danga. Wake-wake ce, ta jiƙe sharkaf, fiffike ɗaya yana jan ƙasa kamar muzuru ya kai mata cafka. A ɗaya fiffiken akwai shuɗin zare a ɗaure. Tausayi ya kama Safara'u. Ta kai ta kusa da murhu, ta wanke ciwon da ruwan gishiri mai ɗumi, ta shafa man kaɗe, ta ɗiɗɗiga mata ruwa a baki, ta kife ta da kwando a cikin ɗaki.

Malam Iliyasu ya leƙa ya ce, "Wannan zaren alamar mai ita ce. Tsintuwa sai da cigiya, Safara'u."

Ta ce, "To Malam, bari dai ta ɗan warke."

Kwana uku bayan nan, Malam ya tafi Watari, sai ga Gwaggo ta yi sallama. Gwaggo tsohuwa ce mai sayar da daddawa, daga gidajen Maguzawa da ke bayan gonar gero, waɗanda yanzu suke zuwa coci. Ta tarar da Safara'u da maƙwabciyarta Asiya suna tsinkar tafasa.

"'Yan nan, cigiya nake. Kazata wake-wake, da shuɗin zare a fiffike."

Safara'u har ta buɗe baki za ta ce tana ɗaki, sai Gwaggo ta ci gaba.

"Ba namanta nake ji ba, ƙashi ce zalla. Kwanci ne da ita. Sau uku ina sa mata ƙwan zabi, ko ɗaya ba ta taɓa bari ya lalace ba."

Nan zuciyar Safara'u ta juya. Kowa ya san zabuwa ba ta iya raino ba, sai an sa wa kaza ƙwanta ta ƙyanƙyashe. Yayanta Sama'ilu ya daɗe yana cewa zai ba ta ƙwan zabi, ita kuma ba ta da kaza mai kwanci. Ta sunkuyar da kai kan tafasa ta ce, "Wallahi Gwaggo ko gashinta ban gani ba."

Gwaggo ta ce Allah ya bayyana, ta ja sandarta ta fita. Da Asiya ta tafi, Safara'u ta yanke zaren ta jefa a wuta.

Daga ranar wahala ta fara. A cikin kajinta akwai wata tsohuwa ja, mafaɗaciya, tana kiranta Magajiya. Ranar da ta fara sakin baƙuwar a tsakar gida, ko taku biyar ba ta yi ba Magajiya ta dira a kanta, sauran biyun suka rufa mata baya. Kafin Safara'u ta rarumo muciya, kan baƙuwa ya yi jini.

Ta mayar da ita kwando ta ajiye a tsakiyar gida, wai su saba da ganin juna. Magajiya ta wuni tana zagaya kwandon tana zura baki ta kafa. Ta ɗaure mata igiya a ƙafa kusa da turmi, suka zo suka cinye ɗan tsakin da ta zuba mata, ita tana raɓe tana kallo. Ta jira magariba sai da suka shige akurki sannan ta tura ta a hankali. Da safe gashin wake-wake ne ya cika akurkin.

"Ke wace irin sakara ce? Ki rama mana," in ji Safara'u, kamar ta yi kuka. Ta juya kan Magajiya. "Ke kuma ja'ira, gidan ubanki ne? Da kina ƙwai ma da sauƙi."

Abin haushin, ba ta da wanda za ta tambaya dabara. Da an yi sallama sai ta sure kazar ta afka ɗaki, ta fito tana haki tana murmushi. Har Asiya ta ce, "Wai ke me kike ɓoyewa ne, gwal?" Suka yi dariya, amma ta Safara'u iya leɓe ta tsaya.

Da Malam ya dawo ya ce, "Na haɗu da Gwaggo a hanya, har yanzu cigiya take. Kin san kazarta ce."

"Na riga na rantse a gaban Asiya."

"Sai ki tuba ki mayar mata."

"In zama abin hira a bakin rijiya? A ce matar Malam ɓarauniyar kaza?"

Ya kalle ta, ga gajiya ga yunwa. Ya ce, "Na dai faɗa miki. Ba hannuna a ciki."

Sai da aka yi kusan sati uku kafin Magajiya ta gaji ta ƙyale ta, shi ma daga nesa-nesa. Baƙuwa ta murmure, don Safara'u daga nata rabon take rage mata. Ta yi ƙwai shida ƙanana, ta kwanta a kai. Safara'u ta aika wa Sama'ilu, ya zo da ƙwan zabi goma sha biyu a cikin ƙwarya da ƙaiƙayi.

Ya ce, "Ki riƙe su da kyau. Na ƙarshe ke nan, zabuwar ma jibi kasuwa za ta."

Ta kwashe ƙwan kazar ta dafa musu, ta jera na zabin. Sati huɗu tana gadi, tana korar ɓera, tana korar Magajiya. Tana daka tana lissafin yadda zabbi za su girma su zama tunkiya, tunkiya ta haihu, ita ma ta daina kallon hannun Malam. Gwaggo kuwa ba ta yi ƙarya ba. Goma sha biyun nan duka kazar ta ƙyanƙyashe su.

Washegari Magajiya ta kashe ɗaya. Ga shi babu tsaki a gidan ko na magani. Safara'u ta riƙa fita da fartanya tana saro gara a suri tana kawo musu, uwar tana ɗaure a bayan ɗaki. Kwana biyar tana haka, hannunta duk ya yi kanta, su kuma ba sa ƙoshi, kuka kawai suke. Ran na shida ta ce, "Kai, na gaji. Wata biyu kina cin abincina, ai kin zama 'yar gida." Ta kwance igiyar, ta buɗa danga ta baya don su yi kiwo a bakin gona. Ta koma duba tukunya.

Da ta dawo babu kaza, babu 'ya'ya. Gero ya yi tsawo ya rufe ko'ina. Ta yafa mayafi ta kutsa ciki tana kira, tana bin ɗan sawunsu a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Sawun bai karkata ko'ina ba, sai da ya kai ta ƙofar gidan Gwaggo.

Ga wake-wake a gindin rumbu tana tono, 'yan zabbi goma sha ɗaya sun kewaye ta. Matan gidan sun taru ana ta mamaki.

Gwaggo ta ce, "Maraba da 'yata. Zo ki ga ikon Allah. Kazar da na je cigiya gidanki ce ta dawo, har da tsaraba. Suna cewa wai sheƙar zabuwar daji ta samu ta kwanta."

Safara'u ta ce, "Ikon Allah."

Gwaggo ta kama kazar, ta shafa fiffiken da ya warke, ta duba ƙafar inda igiya ta ci ta yi zobe. Ta ce, "Dajin nan dai ya iya jinya. Har igiya gare shi." Matan suka kwashe da dariya. Gwaggo ba ta yi ba. Ta matso kusa ta rage murya. "'Yata, in akwai magana a bakinki, faɗe ta. Ni ba na cin guminki."

Safara'u ta kalli 'yan zabbin, ta kalli matan da suka zuba mata ido. Kalma biyu ce kawai, zabbina ne. Ta tuna rantsuwarta, ta tuna bakin rijiya. Ta ce, "Babu komai, Gwaggo. Tafasa na fito nema."

Gwaggo ta gyaɗa kai. Ta shiga ɗaki ta ɗauko mata daddawa guda biyu ta ce ta sa a miya.

A gida ta roƙi Malam ya je ya karɓo mata ko rabi ne. Ya ce, "In ce mata me? In ce kazar da ba ki ga ko gashinta ba ita ta ƙyanƙyashe miki ƙwai? Ke za ki je, da bakinki." Ba ta je ba. Da Sama'ilu ya zo ganin zabbi ta ce masa shaho ne ya kwashe. Ya ce, "Duka goma sha biyun?" Har kaka ta yi, kullum da hantsi zabbin Gwaggo sukan biyo bakin gona suna kuka a bayan dangarta, ita kuma tana ciki tana daka, Magajiya na gefe tana jiran abin da zai faɗo.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, abin da ka tsinta ba naka ba ne, komai wahalar da ka sha a kansa, kuma yunwa ba ta halatta ƙarya. Da Safara'u ta ce tana ɗaki tun ranar farko, da aron kazar ma Gwaggo za ta ba ta. Ƙarya ɗaya ta hana ta neman shawara, ta hana ta kwanciyar hankali, a ƙarshe ta hana ta buɗe baki ta karɓi abin da yake nata na halak. Kunyar faɗin gaskiya ta wuni ɗaya ce. Don haka 'yan uwana, in kun yi kuskure aka ba ku dama ta biyu, kada ku tsaya duban idon mutane. Ga Inna can tana ƙwala min kira, amma abin da nake so in ƙara shi ne duk wanda ya