Dokar Suna Ɗaya

An yi wani sarki a Birnin Kurya, sunansa Lawandi, mutum mai son gaskiya ƙwarai da gaske, sai dai Allah bai ba shi haƙurin sauraron doguwar magana ba. Abin da ya fi ƙona masa rai a zaman shari'a shi ne, da wuya a kawo wanda ya taɓa kayan wani ya amsa sunan ɓarawo. Wanda aka kama da akuyar maƙwabci sai ya ce tsintuwa ya yi, wanda aka ga garmar wani a ɗakinsa ya ce aro ne, mai unguwar da ya raba talaka da tunkiyarsa kuwa ya rantse kyauta aka ba shi. Kowa da rigar da yake sa wa laifinsa, wata ma har da aiki a wuya.

Ran nan sarki ya ƙule, ya sa aka yi shela cewa daga yau duk wanda ya ɗauki abin da ba nasa ba, aikinsa suna ɗaya gare shi a ƙasar Kurya, wato sata. Aro da tsintuwa da kala da sauran danginsu duk an soke su a gaban shari'a. Hukunci kuma ɗaya ne: a aske wa mutum kai, a zaga kasuwa da shi bisa jaki, a fitar da shi daga ƙasar har abada. Wanda ya kuskura ya furta ɗaya daga cikin sunayen da aka soke don ya kare wani a fada, shi ma jakin na jiransa.

Fadawa suka yi ta jinjina, suna cewa ba a taɓa hikima irin wannan ba. Kun dai san fadawa, ko tari sarki ya yi sai su ce fasaha ce. Waziri Isiyaku kaɗai ya yi shiru, dattijo masanin lugga da fiƙihu, wanda ya san ba a tarar sarki da nasiha yana cikin fushi. Ɓarayi kam sun ji tsoro, wannan ba musu. Amma mata ma suka daina aron rariya, kuma in akuya ta ɓata sai ta yi ta gararamba a gari, ba mai ƙarfin halin kama igiyarta.

Ana haka kaka ta yi. Akwai wata tsohuwa mai suna Tasalla, wadda mijinta da 'ya'yanta duk sun riga ta gidan gaskiya, ba ta da gona, ba ta da mai noma mata. Da kala take rayuwa, wato in an gama girbi an kai hatsi rumbu, sai ta bi gona tana tsince zangarniyar da ta zube a ƙasa. Wani dogari ya gan ta a gonar wani manomi, Maiwada, ƙwaryarta rabi da dawa, ya tasa ta gaba sai fada. Maiwada ya biyo su a guje don ya cece ta, amma da ya tuna da jaki sai ya tsaya yana hawaye, ya rasa kalmar da zai faɗa. Sarki ya dubi tsohuwar, ransa bai so ba, duk da haka ya ce doka ba ta san furfura ba.

A nan Waziri ya durƙusa, ya roƙi a jinkirta hukunci zuwa wayewar gari. Sarki ya ce, "Waziri, tun ranar shela na ga shirunka, kuma na fahimce shi. Na ba ka zuwa gobe. Ka tabbatar mini tsohuwar nan ba ɓarauniya ba ce, ba tare da haramtaccen suna ya fito daga bakinka ba. In ka kasa, kai da kanka za ka riƙe mata akalar jaki."

Da gari ya waye fada ta cika maƙil. Waziri ya sa aka fito da mutum biyu daga kurkuku, aka jera su tare da Tasalla, ya ba kowannensu zangarniyar dawa ya riƙe. Ya roƙi sarki ya dubi hannuwan nan uku ya nuna bambancinsu. Sarki ya duba ya ce babu. Waziri ya ce to, a bar kowa ya faɗi abin da ya aikata filla-filla, ba tare da ya raɗa masa suna ba, domin raɗa suna aikin mai hukunci ne.

Na farko, wani ƙato, ya amsa cewa ya bari sai da mutanen wani gida suka tafi jana'iza, ya huda rumbunsu ta ƙasa ya cika buhu. Tun bai rufe baki ba sarki ya ce sata ce. Na biyu ɗan koli ne, ya ce dami ya gani ya faɗo daga jakin wani a kan hanya, ya ɗora a kansa yana cigiya gida gida, aka kama shi a ƙofar mai unguwa. Sarki ya buɗe baki, ya rufe, ya yi gyaran murya, ya ce a wuce.

Sai aka zo kan Tasalla. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ban shiga gonar ba sai da na ga an kwantar da kara, jakuna sun kwashe hatsi. Abin da na ɗauka shi ne wanda in na bari gara da tsuntsu za su ci. Masu girbin Maiwada ma, in sun hango ni a bakin gona, da gangan suke sassauta hannu su yi kamar ba su gani ba, don kada in tsaya ƙofar wani ina roƙo. Da shi nake tuƙa tuwo har bazara. In laifi ne a aske ni, na yarda, amma a bar ni in mutu a garin da aka binne mijina da 'ya'yana."

Tausayi ya kama sarki har bai san sa'ad da ya bugi shimfiɗarsa ba, ya ce, "Haba! Ai kala ta yi! Wane azzalumi ne zai ce wannan sata?"

Fadawan da ba su taɓa rasa abin faɗa ba, yau kowa sai kallon yatsun ƙafarsa yake. Sarki ya gane abin da ya fito daga bakinsa, ya dubi Waziri, ya tambaye shi ko shi ma a kawo masa jaki.

Waziri ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ba a hukunta harshe don ya faɗi gaskiya. Hannu ɗaya ne, dawa ɗaya ce, amma magabata ba don wasa suka raba sunayen nan ba. Kowane suna yana da sharaɗin da yake tafe da shi. Mai cewa aro ya kawo wanda ya ara masa, mai cewa tsintuwa ya kawo waɗanda suka ji cigiyarsa, mai cewa kala a je a duba ko an gama girbi. Maƙaryata sun gajiyar da kai, gaskiya ne, amma maganinsu a tuhume su da sharaɗin, ba a kashe sunan ba."

Sarki ya yi dariya har ya share ƙwalla, ya ce an kayar da shi, kuma bai taɓa jin daɗin kaye irin wannan ba. Nan take ya soke dokar. Aka mai da ƙaton kurkuku, aka sallami ɗan koli da kyautar riga. Ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa Waziri, ya danƙa masa shari'ar ƙasar baki ɗaya. Sa'an nan ya sauko da kansa, ya ɗauki ƙwaryar nan da aka ajiye shaida, ya miƙa wa tsohuwar da hannu biyu, ya ce, "Iya, ki yafe mini. Koma ɗakinki."

Mata suka rangaɗa guɗa, jama'a suka raka Tasalla har ƙofar gida, ƙwaryarta a ka, kanta da gashinsa. Masana kuwa tun daga ranar suke cewa: adalin mai mulki ba ya gajarta magana ya tsawaita zalunci, sai ya saurari aiki har ƙarshensa, sa'an nan ya kira shi da sunansa.