Ranar da Teku Ya Je Barka

Dalilin da ya sa ruwan teku yake cika ya janye, ya sake cika ya sake janyewa, kullum sau biyu, shi za ku ji yau, tunda kun ishe ni da tambaya. Kun ga hoton da kawunku ya ɗauke ni a can ƙasar sanyi, ga jiragen ruwa kwance a kan taɓo, kuka ce wai ruwan ƙafewa ya yi. Bai ƙafe ba. Da na ƙara awa shida a inda nake tsaye, da sai dai a nemo kakarku da raga.

Wata huɗu na yi a garin nan ina kula da matar kawunku da ta haihu. Sanyin da kuke kuka da shi a nan wasan yara ne. Can iska ce take tasowa daga kan ruwa ta shiga har ƙashi, rana kuwa leƙowa kawai take yi ta koma. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ce ta ba ni labarin nan, kawunku yana fassarawa. Sunayen mutanen cikinsa harshena ya ƙi juya su, don haka na raɗa musu irin namu.

A da can, Teku ba ya zuwa ko'ina. Yana kwance wuri ɗaya, shiru, kamar ruwa a randa. A bakinsa akwai wani masunci mai suna Jatau, yana da ɗan gidansa na dutse a kan tudu, shi da matarsa Lantana. Gidan da ya fi kusa da su tafiyar wuni guda ne. Shekara tara suna zaune ba haihuwa, sai a ta goma Allah ya ba su 'ya mace, a tsakiyar hunturu. Uwar Lantana, wata tsohuwa da ake kira Tabawa, ta zo zaman jego.

A ƙasar nan ba a wasa da wuta. Itace ba shi da yawa, sai wata baƙar ƙasa da suke yanka kamar tubali, su shanya da rani, su riƙa ƙonawa da hunturu. In ta kama takan daɗe tana ci, amma in ta jiƙe sai wata shekara. Wuta ɗaya ce a gidan Jatau, tana ɗakin mai jego, kuma ita ce ran jaririyar nan. In ta mutu da hantsi, yarinyar ba za ta kai la'asar ba.

Shi Jatau mutumin kirki ne, amma bakinsa ya fi shi kirki. Duk wanda ya gilma sai ya ce masa bismillah, ko da tukunyar ba komai. Kwana uku da haihuwa ya shiga kwale-kwalensa don ya samo kifin da mai jego za ta sha romo, ya kuwa yi sa'a. Murna ta cika shi, ya rasa wanda zai gaya wa, sai ya leƙa ruwa ya ce, "Teku, an yi mini haihuwa fa, ko barka ba ka zo ba!"

A fatar baki ya faɗa, ya manta. Shi kuwa Teku, tun da aka halicce shi ba wanda ya taɓa gayyatarsa ko'ina. Ɗiba kawai ake yi a tafi.

Washegari da safe iska ta tsaya cak, wani farin hazo ya rufe ko'ina, ko tafin hannunka ba ka gani sosai. Jatau yana zaure yana ɗinkin raga sai ya ji sallama, da wata murya mai kauri kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. Ya ɗaga kai, ga ruwa a bakin ƙofa.

"Ni ne Teku. Na zo barka."

Gaban Jatau ya faɗi, amma bakinsa ya riga shi. "Marhabin, marhabin! Ranka ya daɗe, da kanka? Shigo mana, shigo!"

Teku ya shigo ya zauna, ruwa ya rufe wa Jatau idon sawu. Aka gaisa, aka tambayi mai jego, aka tambayi jaririya, aka yi addu'a. Da aka ɗan jima Teku ya ce, "To, alhamdu lillahi, na gan ku. Ni zan koma."

Kun san dai abin da ake cewa in baƙo ya ce zai tafi. Ku ma kun sha ji a bakina. Jatau ya ce, "Haba, tun yanzu? Ai ko zama ba ka yi ba."

In da baƙo irinmu ne, ya san maganar ta ladabi ce, sai ya yi dariya ya ɗauki takalminsa. Amma Teku bai taɓa zuwa gidan kowa ba. Ya ɗauka da gaske ake roƙonsa, sai ya gyara zama. Gyara zaman Teku kuwa ba irin naku ba ne. Ruwa ya wuce zaure ya malala tsakar gida, takalma da ƙorai suka tashi suna yawo.

Tabawa ta leƙo daga ɗaki ta ga abin da ake ciki. Ta ce wa 'yarta, "Lantana, yi wa mijinki magana."

Lantana ta rungume jaririya ta ce, "Inna, yaya zan ɗaga murya yana tare da baƙo?"

Ita ma Tabawa ba ta da baki. Surukinta ne. Shekara goma ba ta taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, ba ta taɓa kiran sunansa ba, in za ta wuce shi sai ta ja mayafi. Sai ta kwaso tsummoki da toka ta toshe bakin ƙofa, tana salati a ranta.

A zaure kuwa ruwa ya kai wa Jatau gwiwa. Ƙafafunsa sun mutu don sanyi, haƙoransa suna haɗuwa, amma yana nan yana washe baki yana ba baƙo labarin kifin bara. Da rana ta ɗan ɗaga, Teku ya sake cewa, "Jatau, bari dai in kama hanya."

Zuciyar Jatau tana cewa tafi, don Allah tafi. Bakinsa ya ce, "Haba ranka ya daɗe, ko abinci ba a sauke ba."

Ni da na ji wannan wurin sai da na ce wa kawunku ya tsaya, don haushi ya kama ni. Amma da na tuna sau nawa ni ma na yi irinta, sai na ce ya ci gaba.

Teku ya sake gyara zama. Ruwa ya ture tsummokin Tabawa ya shigo ɗaki. Tarin baƙar ƙasar da aka jera a jikin bango ya fara tsotsar ruwa daga ƙasa, murhu ya fara cuu. Tabawa ta yi maza ta kwashe garwashin a kasko ta ɗora a kan gado kusa da mai jego, ta tsamo 'yan busassun da suka rage a saman tarin ta jibga a gefe. Amma gadon kamu biyu ne daga ƙasa, ruwa kuma ya cinye kamu ɗaya da rabi. In baƙon nan ya ƙara gyara zama sau ɗaya, shi ke nan.

Jaririyar ta daina kuka. Leɓunanta suka fara canza launi. Lantana ta kalli uwarta, hawaye yana zuba.

Sai Tabawa ta ɗaura ɗamara da mayafin nan da take rufe fuska da shi, ta ratsa ruwa ta nufi zaure. Tana isa ta ji Teku yana cewa a karo na uku, "To, ina ganin dai ya kamata in..."

Jatau ya buɗe baki. "Hab..."

"Mun gode!" in ji Tabawa, da ƙarfi. "Mun gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Tashi, bawan Allah, in taka maka."

Jatau ya saki baki yana kallon surukarsa, kamar yau ya fara jin muryarta. Teku kuwa sai ya yi wata doguwar ajiyar zuciya ya ce, "Wallahi Iya, kin taimake ni. Tun hantsi nake son tafiya. Zauren nan ya yi mini kaɗan, bayana duk ya ƙage, amma na ga maigidan ya nace, na ji kunyar in ƙi."

Ya miƙe a hankali, ya tattara kansa daga ɗaki, daga tsakar gida, daga zaure, ya gangara tudu. Tabawa tana biye. Da suka kai inda ya saba kwanciya ba ta tsaya ba, don tsoro bai sake ta ba tukuna. Tana tafe, yana ja da baya, tana tafe, yana ja da baya, har suka bar tsohon wurinsa can nesa. Ƙasar da ido bai taɓa gani ba ta fito fili: yashi mai layi-layi, ga ƙaguwa suna gudu, ga kifaye sun maƙale a 'yan kududdufai, ga katantanwa birjik.

Teku ya ce, "Kwashi, Iya. Na zo barka hannu rabbana, sai daga baya na lura ba haka ake yi ba. A kai wa mai jego."

Ta ƙulle abin da za ta iya a bakin zane, ta ce, "To, ni daga nan zan juya. Sauka lafiya."

Ta yi taku goma sai ta ji sanyi a duga-duganta. Ta waiwaya, ga shi a bayanta.

"Ina kuma za ka?"

"Ai na ga yadda kuke yi," in ji Teku. "Kin taka mini, ni ma ba zan bar tsohuwa ta koma ita kaɗai ba."

Hankalin Tabawa ya sake tashi. Ta ƙara sauri, shi ma ya ƙara. Ga tsufa, ga kaya, ga ƙafafu sun ƙandare. Haka suka taho har gindin tudu, inda akwai wani baƙin dutse babba. A nan ta ɗaga kai. Hazo ya fara yayewa, sai ta hango hayaƙi siriri yana fita daga rufin gidan. Wutar tana nan. Ta dafa dutsen, ta sauke numfashi, sannan ta juyo ta fuskanci baƙon.

"Tsaya nan, bawan Allah, ka ji magana ba rufa-rufa. Ka ga hayaƙin can? Wutar jikata ce. In ka wuce dutsen nan wutar za ta mutu, yarinyar da ka zo wa barka ita ma za ta mutu. Ɗazu saura ƙiris. Ba ƙin ka muke yi ba, amma ka fi ƙarfin ɗakinmu."

Teku ya ce, a sanyaye, "Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

"Kunya."

"Kunya ce za ta sa ku bar yarinya ta mutu?"

Ita ma Tabawa ta san ta daɗe kafin ta fito.

Teku ya ce, "To shi ke nan, na koma, ba za ku ƙara ganina ba. Amma wallahi na ji daɗin zuwan nan. Ban taɓa sanin haka gaisuwa take ba."

Sai tausayinsa ya kama ta. Ta ce, "Wa ya ce kada ka zo? Maƙwabci ai safe da yamma yake gaida maƙwabcinsa. Ka zo kullum sau biyu. Amma ka tsaya a dutsen nan, ka yi gaisuwarka, ka juya da kanka, kada ka jira kowa ya sallame ka."

"In kuma aka ce mini tun yanzu?"

"Ka toshe kunnenka."

A kan haka suka rabu. Tabawa ta hau tudu da rarrafe, ta faɗa ɗaki. Ga garwashi ya yi jawur a kasko, Jatau yana durƙushe yana hura shi, ga jaririya ta kama nono tana tsotsa, har da ɗan gurnaninta. Tsohuwa ta zube a bakin gado ta yi kuka mai isarta, na daɗi. Jatau ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ban san da bakin da zan..."

Ta kwance mayafin daga ƙugunta ta ja shi kan fuska, ta juya wajen bango ta ce, "Lantana, a gaya wa maigidan nan ya sake riga, kada sanyi ya kama shi." Lantana ta tuntsire da dariya, hawaye bai bushe mata ba.

Shi ya sa har yau, a can bakin tekun ƙasar sanyi, ruwa yake tahowa sau biyu kullum, ya tsaya a iyakarsa, ya juya da kansa, ya bar wa mutane ƙaguwa da katantanwa a kan yashi. Kullum yakan ɗan makara a kan lokacin jiya, tafiyar tsoho ce. Ni da idona na tsaya na ga juyawarsa, tare da mutanen garin, tsofaffi da yara, kowa ya yi shiru hannu cikin aljihu. Mutane ne masu fara'a da son baƙi, amma har ruwan ya ɓace daga gani, ban ji wanda ya ce masa tun yanzu ba.