Rakiyar Da Ta Wuce Bakin Zaure

Akwai wani manomi da ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya, waɗanda rabon gonar gado ya shiga tsakaninsu. Ƙanen ya yi fushi ya koma wani ƙauye a hayin rafi, shekara da shekaru ba aike ba gaisuwa.

Wata rana da hantsi sai ga ƙanen ya yi sallama. Shi kuwa manomin mutum ne mai cika ƙa'ida ko da ransa ba ya so. Ya shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa da fura, suka yi gaisuwar baƙi, ina gajiya, yaya iyali. Ƙanen dai sai kallonsa yake yi kamar bai taɓa ganinsa ba, har abin ya fara ba manomin haushi.

Da ƙanen ya tashi tafiya, manomin ya raka shi bakin zaure, inda rakiyar dole take ƙarewa. Ba wanda zai ga laifinsa in ya juya daga nan. Har ya ɗaga hannu, sai ya ga ƙanen ya yi tuntuɓe da turmi, ƙaton turmi a fili da rana tsaka. Manomin ya ce bari ya taka masa kaɗan.

Suka wuce rijiya, suka ratsa gonakin dawa. Sai a bakin rafi ƙanen ya tsaya.

"Yaya, idanuna suna mutuwa," in ji shi. "Na zo ne in ga fuskarka tun ina iya gani."

Tausayi ya cika manomin, hawaye suka zubo masa. Ya matso kusa, ya juya fuskarsa wajen hasken rana, ya ce, "Duba da kyau, ƙanena." Sa'an nan ya riƙe hannunsa, suka haye rafin tare har gidan ƙanen.

Ma'anar wannan misali ita ce, Turawa suna da wata magana da suke yi wa wanda ya yi fiye da abin da aka ɗora masa, sukan ce ya ƙara mil guda. Asalinta kuwa koyarwar Ubangijinmu Yesu ce, da ya ce in wani ya tilasta maka tafiyar mil guda, ka yi mil biyu tare da shi. Mil na farko na dole ne, kowa yana iya yin sa. Na biyu ƙauna ce kaɗai take kai mutum.

Ƙaunatattu, da yawanmu gwanaye ne wajen tabarma da fura, amma a bakin zaure muke tsayawa. Akwai maganar da ɗan'uwanka ba zai iya faɗa a zaure ba, sai kun yi nisa. Ka taka masa tun yana iya ganinka.